Kwalabe huɗu a kan teburina, na rasa wadda zan fara buɗewa

Baban Sadiya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na jima ina leƙowa nan ina karatu shiru, ban taɓa cewa uffan ba. Yau abin ya zo kaina, don haka ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Shekarata 46. Aikina na zama ne, daga safe har yamma ina gaban kwamfuta, in an tashi mota ta ajiye ni ƙofar gida. Makonni uku da suka wuce aka ce duk ma'aikata mu je gwajin lafiya. Na tafi ina raha, don ni a sanina ƙalau nake, ko ciwon kai ban cika yi ba. Da nas ta zo auna min ƙugu, ta zagaya tef ɗin daidai cibiya, sai na shanye ciki ban ma san na yi ba. Ta tsaya tana kallona ta ce, "Malam, saki numfashi, ba hoto za mu ɗauka ba." Na saki. Santimita 104.

Ga sauran abin da takardar ta nuna. Awon jini 138 bisa 88. Sugan jini da safe kafin in ci komai 108. Kitsen jinin da suke kira tiraigilisarayid 190. HDL, wanda aka ce shi ne kwalastarol mai amfani, 42. LDL, wanda aka ce shi ne kwalastarol mai cutarwa, 112. Nauyi kilo 96.

Likita ya ɗauki biro ya zagaye huɗu daga ciki, ya ce wannan haɗuwar ita ake kira metabolik sindirom. Ya ce alamomi biyar ake dubawa, mai uku ya shiga layi, ni kuwa huɗu gare ni, ta biyar ɗin ma da ƙyar na sha. Ba ciwon suga ba ne tukuna in ji shi, amma hanyar ke nan. Ya ba ni wata uku in rage nauyi, in riƙa tafiya a ƙasa, in rage zaƙi da gishiri. In na koma babu canji zai ɗora ni a kan metfomin, wato maganin suga, wataƙila da maganin hawan jini.

Wannan "ɗora ni a kan" ɗin shi ya hana ni barci. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha tara yana haɗiyar ƙwayoyi safe da dare. Yana da 'yar robarsa mai gida bakwai, kowace rana da gidanta, kuma ni nake cika masa ita duk ƙarshen mako. Ba na son in fara wannan tun yanzu.

Da na ba ƙanin matata labari, shi mutum ne mai bin irin waɗannan abubuwa a intanet, bayan kwana biyar sai ga shi da leda. Kwalabe huɗu ne, duk kafso. Ɗaya barbarin, miligiram 500 kowace ƙwaya. Ɗaya sinadarin koren shayi, an rubuta EGCG a jiki. Ɗaya kurkur ce da aka haɗa da sinadarin masoro. Ta ƙarshe an ce jar shinkafa ce mai yis, ta rage kitse. Ya ce duk daga tsirrai aka tatso su, babu komai na bature a ciki, in haɗa su duka in sha wata uku, in koma in ba likita mamaki.

Ga su nan a gabana ko murfi ban buɗe ba. Don Allah akwai wanda ya taɓa shan irinsu? Suna aiki da gaske? Kuma babu laifi a haɗa su lokaci guda? Abu na ƙarshe, ina jin nauyin in faɗa wa likitan, kada ya ga kamar na raina iliminsa.

Maman Khalifa ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Baban Sadiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma wannan ta koren shayin na san ta, don ta taɓa kwantar da ni.

Bayan haihuwata ta huɗu jiki ya ƙi komawa. Wata ƙawata ta kawo min irin wannan kafso, ta ce a sha da sassafe ciki wayam, wai haka ya fi ƙona kitse. A jikin kwalbar an rubuta ƙwaya biyu a rana, ni da gaggawa na mayar da su huɗu. Wata na farko har na ji daɗi, abinci ya fita raina, siket ya fara yi min yawa, ana ta yi min barka. Ashe fitar da abincin ya yi daga raina ita ce alamar farko.

A mako na bakwai gajiya ta sa ni gaba, in na hau bene sai na zauna na huta. Fitsari ya koma kamar shayi mai kauri. Wata safiya 'yata babba tana taya ni ninke kaya ta ɗago kai ta ce, "Mama, idonki ya yi rawaya." Na ɗauki madubi na tsaya bakin taga, wallahi farin idon ya zama ruwan ɗorawa.

A asibiti aka yi gwajin ciwon hanta iri-iri, babu ko ɗaya. Likitar ta yi ta tambayata wane magani nake sha, ina cewa babu, don ni a raina wannan ba magani ba ne, shayi ne. Sai da ta ce, "Hajiya, ko na gargajiya, ko na rage ƙiba, ko wani abu a kwalba?" sannan na tuna. Ta ce in daina nan take. Wajen wata uku ana maimaita gwaji kafin hantar ta dawo daidai. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ban ce kowa zai same shi ba, ƙawar tawa ta sha ba ta ga komai ba. Amma maganar jin nauyin likita, ka cire ta. Ɗauki ledar gaba ɗaya ka ajiye masa a tebur. Da na yi haka tun farko da an taƙaita min wahala.

Binta Famasis ta rubuta:

Sannu Maman Khalifa, Allah ya tsare gaba. Baban Sadiya, aikina harhaɗa magunguna ne, kuma irin ledarka ina ganinta kusan kullum. Bari in bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, amma kafin nan ka fahimci abin da ake yaƙa.

Alamomin biyar ɗin su ne faɗin ƙugu, tiraigilisarayid 150 ko sama, HDL ƙasa da 40 ga namiji ko ƙasa da 50 ga mace, awon jini 130 bisa 85 ko sama, da sugan safe 100 ko sama. A ƙugu ma'auni biyu ne suka fi yawo, wasu na ɗaukar santimita 102 ga namiji da 88 ga mace, wasu 94 da 80. Kai ko da wanne aka auna ka ka wuce. Wani likita Ba'amurke, Gerald Reaven na Jami'ar Stanford, shi ya fito da bayanin a 1988 cewa waɗannan abubuwa ba haɗuwar tsautsayi suke yi ba, saiwarsu ɗaya: jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga cikin jini ya shigar da shi ƙwayoyin jiki. Kamar yaron da aka saba yi wa tsawa har ta daina razana shi, sai a ƙara ɗaga murya. Jiki ya yi ta ƙara zuba insulin, hanta ta yi ta ƙera kitse tana turawa cikin jini, ƙoda ta riƙe gishiri. Kitsen da ke jibge cikin tumbi kewaye da hanji shi ke rura wutar. Shi ya sa nas ta damu da tef ɗin nan fiye da sikeli.

To, barbarin. A cikin huɗun ita ce mai ɗan abin faɗa. Wani sinadari ne rawaya mai ɗaci da ake samu a saiwa da ɓawon wasu tsirrai, an daɗe ana maganin gudawa da shi a Sin. A 2008 aka wallafa wani gwaji daga can, mutum 36 masu sabon ciwon suga, aka ba wasu barbarin miligiram 500 sau uku a rana, wasu metfomin, wata uku, sugan ya sauka kusan daidai a ɓangarorin biyu. Wannan gwajin shi masu talla ke ta kaɗawa har yau. Amma mutum 36 ne, wata uku ne. An yi wasu bayansa, yawancinsu ƙanana ne masu gajeren lokaci. Tana rage suga da kitsen jini kaɗan, wannan na yarda. A 2023 aka yi ta yayata ta a TikTok wai ita ce Ozempic ta tsirrai, wato allurar suga da ta yi suna wajen rage ƙiba, wannan kam zuƙi-ta-malle ne, nauyin da take ragewa bai taka kara ya karya ba. Tana kawo murɗar ciki, ko zawo, ko taurin bayan gida. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha, don tana iya tsananta ciwon shawara ga jariri. Babban abin lura kuma, tana rage saurin sinadaran hanta da ke narkar da magunguna da yawa, sai maganin da mutum ke sha ya taru a jini fiye da yadda likita ya lissafa.

Jar shinkafar nan ba ma tsiro ba ce zalla. Shinkafa ce da aka bar wani nau'in fumfuna ya tsiro a kai, shi ke ba ta launin. Abin da ke aiki a cikinta ana kiransa monakolin K, kuma shi ne lobastatin, maganin rage kwalastarol da likita ke rubutawa, babu bambanci ko kaɗan a ƙirarsu. Wato ƙanin matarka ya kawo maka maganin bature ne cikin rigar gargajiya, sai dai wannan ba ka san adadin da ke cikin kowace ƙwaya ba. Ciwon tsoka da taɓa hanta da ake tsoro a wancan suna nan a wannan. Tarayyar Turai a 2022 ta ƙayyade cewa monakolin ɗin da mutum zai sha a rana kada ya kai miligiram 3. A Japan kuwa, a watan Maris na 2024, kamfanin Kobayashi ya janye nasa daga kasuwa bayan mutane da dama sun kwanta da ciwon ƙoda, har aka ba da rahoton mace-mace, aka gano wani gurɓataccen sinadari daga wani fumfunan daban ya shiga ciki. Sannan ka duba takardarka. Aikinta rage LDL ne, kai naka 112 ne, ba shi likita ya zagaye ba, ba ya ma cikin alamomi biyar ɗin. Wannan kwalbar ba taka ba ce.

Koren shayi, Maman Khalifa ta gama magana. Shan shayin kansa a kofi ba shi ne matsala ba. Matsalar tattara abin da ke cikin kofuna masu yawa a ƙwaya ɗaya. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta bayyana a 2018 cewa daga miligiram 800 na EGCG a rana ake ganin alamun taɓuwar hanta a gwajin jini, kuma sha da yunwa yana ƙara yawan abin da ke shiga jiki. Amfaninsa wajen rage ƙiba ɗan ƙanƙane ne. Ni ban ga riba a wannan cinikin ba.

Kurkur tana da wani gwaji mai ban sha'awa daga Tailan, 2012, mutum 240 masu irin suganka. Bayan wata tara, kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka ba ƙwayar bogi sun kamu da ciwon suga, cikin masu shan sinadarin kurkur babu ko ɗaya. Sakamako ne mai kyau har ya yi yawa, kuma gwaji ɗaya ba ya zama hujjar da likita zai ajiye metfomin dominta. Kurkur ba ta shiga jini sosai, shi ya sa ake haɗa ta da sinadarin masoro, wanda ke ninka shigarta sau da yawa. Irin wannan haɗin shi aka fi samu a rahotannin ciwon hanta da suka fito daga Italiya a 2019 da kuma Amurka bayan nan. Shi ma sinadarin masoron yana taɓa yadda hanta ke narkar da wasu magunguna.

Yanzu ka haɗa su a ranka. A cikin kwalabe huɗun, uku suna iya taɓa hanta, barbarin da kurkur mai masoro suna rage saurin narkar da magani, jar shinkafar kuma maganin ce da kanta wanda ta wannan hanyar ake narkar da shi. Kuma mai tumbi irin naka sau da yawa akwai kitse a hantarsa tun kafin a fara. In ka sha duka ka ga sauƙi ba ka san wacce ta yi ba, in ka ga illa ba ka san wacce za ka bari ba. Kada ka haɗa.

Abin da likitanka ya ce ka yi, shi ne aka gwada a mutane da yawa. A Amurka an bi mutum 3,234 masu sugan da ya fara hawa, aka wallafa sakamakon a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu musu da kashi 58. Masu shan metfomin, kashi 31. A Finlan ma an samu 58 ɗin nan a 2001. A jikinka kashi 7 bai kai kilo bakwai ba.

Dattijo Mai Nazari ya rubuta:

'Yata Binta, Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani. Amma ku 'yan boko kuna da wani hali, duk abin da ya fito daga ƙasa sai kun nemo masa aibu, wanda ya fito daga masana'anta kuwa ko takardar illolinsa ta kai tsawon zani sai ku ce a sha. Shekarata 68. Shekara tara ke nan ina zuba garin kirfa rabin ƙaramin cokali a ruwan ɗumi kowace safiya, ina haɗiyar tafarnuwa, wani lokaci hulba. Sugana bai taɓa wuce inda likita yake so ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kuma a gaya min, wa zai kashe maƙudan kuɗi ya gwada kirfa a mutum dubu uku, alhali ba zai iya mallakar ta ya hana kowa sayarwa ba? Rashin babban gwaji ba ya nufin abu ba ya aiki, yana iya nufin babu mai cin riba ne in an gwada.

Baban Sadiya, ɗana, ni ma ban yarda da kwalaben nan naka ba, don ban san hannun da ya cika su ba. Ni abin da nake gani da idona, in shinshina, in daka da kaina, shi nake sha. Amma kada a tsorata ka da tsirrai. Ba zan ɓoye maka ba, ina shan ƙwayar likita guda ɗaya da dare, kuma kullum bayan asuba ina zagaye unguwa da ƙafa kafin rana ta fito. Na haɗa duka ne.

Binta Famasis ta rubuta:

Baba, ranka ya daɗe, maganar kuɗin gwaji gaskiya ce, ban musa ba. Kuma ni ba maƙiyiyar tsirrai ba ce. Metfomin ɗin da Baban Sadiya ke gudu, asalinsa daga wani tsiro ne na Turai mai suna galega, wanda aka daɗe ana ba masu yawan fitsari. Sinadarin da ke cikin tsiron yana da guba, aka yi ta gyara shi, har wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada metfomin a masu ciwon suga a 1957. Bambancin kawai an san adadinsa, an san illarsa, an bi masu shansa shekaru aru-aru.

Sai dai Baba, da girmamawa, sakin layinka na ƙarshe ya ba ni dariya. Ƙwayar likita da dare, tafiya kowace safiya, sannan yabon ya tafi ga kirfa!

Kirfar tana da ɗan tasiri a sugan safe a wasu gwaje-gwaje, a wasu babu. Abin da zan roƙe ka ka duba shi ne irinta. Wadda ta fi yawa a kasuwannin duniya, mai kauri mai tauri da ta naɗe sau ɗaya, tana da sinadarin kumarin mai yawa, wanda ke wahalar da hanta in an daɗe ana sha. Ta Siri Lanka, mai laushi da ta naɗe falle-falle tana farfashewa a hannu, nata kaɗan ne ƙwarai. Ma'aunin Turai shi ne kada a wuce miligiram 0.1 na kumarin a kowane kilo na nauyin mutum a rana, kuma ƙaramin cokali guda na mai taurin yana iya kai mutum can. Tafarnuwa kuma tana tsinka jini kaɗan, in ana ba mutum warfarin, maganin hana daskarewar jini, ko za a yi masa tiyata dole likita ya sani.

Inda muka haɗu da kai shi ne hannun da ya cika kwalba. A Amurka, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nuna cewa kayansa na aiki kafin ya sa a kasuwa ba. An taɓa tattara bayanan hukumar magunguna ta can daga 2007 zuwa 2016, aka samu kaya 776 da aka ɓoye magungunan asibiti a ciki ba a rubuta ba. A na rage ƙiba abin da aka fi samu shi ne sibutiramin, maganin da aka janye a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ka ga mai hawan jini ya sha wannan yana zaton ganye ne.

In mutum lallai yana son wani abu daga tsiro, akwai masu hujja mai ƙwari da ba a yi musu talla don ba su da kwalliya. Ɓawon irin wani tsiro mai suna siliyom, wanda ake jiƙawa a ruwa, yana rage LDL da ɗan suga, amma a sha da ruwa mai yawa, a ba shi tazarar awa biyu da sauran magunguna.

Baban Sadiya ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Khalifa, labarinki ya sa na tashi na duba bayan kwalbar koren shayin. Miligiram 400 a ƙwaya, kuma an ce biyu a rana. Daidai 800 ɗin da Malama Binta ta ambata ke nan. Jikina ya yi sanyi.

Baba, na ji shawara. Tafiyar safen zan ara a wurinka, kirfar zan bar maka tukuna.

Gobe zan kai wa likita ledar. In Allah ya kai mu ƙarshen wata ukun zan dawo in ba ku labari, ko mai daɗi ko akasin haka.

Baban Sadiya ya sake rubutawa:

Jama'a na dawo kamar yadda na yi alkawari, ko da yake na ƙara mako biyu a kai.

Ranar da na kai ledar, likitan bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Ya fito da kwalaben ya jera, ya sa tabarau yana karanta bayansu. Ya ture uku gefe guda da bayan hannu. Barbarin ɗin ya riƙe ya ɗan jujjuya, ya ce in bar ta a rufe har mu ga abin da ƙafata za ta iya ita kaɗai, in ba haka ba ba za mu san na wa ne aikin ba. Ya ƙara min gwajin hanta, aka ga lamba ɗaya ta ɗan haura, hoto ya nuna kitse a hantar. Malama Binta, kamar kin gani.

Abin da na yi ba shi da yawa. Na daina lemon kwalba, wanda da nake shan biyu a ofis kullum, ɗaya da rana ɗaya wajen la'asar in barci ya fara fizgata. Na rage sukarin shayi daga cokali uku zuwa ɗaya, har yanzu ban iya sauka ƙasa da haka ba. Na daina cin abinci mai nauyi bayan ƙarfe tara na dare. Tafiya minti talatin da biyar, kwana biyar a mako, ban da makon da aka yi ta ruwa da wani makon da lalaci kawai ya kama ni. Makonni biyun farko na ji kamar in bari, gwiwa ciwo, ga yunwar dare.

Na sayi na'urar awon jini ta gida. Nas ɗin nan mai tef ita ta koya min: in zauna minti biyar shiru, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada in yi magana. Ta kuma sa na canza abin ɗaurawar zuwa babba, don ƙarami a damtse mai kauri yana ƙara lamba.

Ga sakamakon jiya. Nauyi 91. Ƙugu 99, kuma wannan karon ban shanye ciki ba. Sugan safe 101. Tiraigilisarayid 154. HDL 43. Awon jini kuwa ya ƙi, matsakaicin na mako guda a gida 136 bisa 87. Likita ya ce metfomin a dakata, a sake ba ni wata uku. Amma jinin, da tarihin mahaifina, ya ce ba zai zuba ido ba, ya rubuta min maganin hawan jini, amlodifin miligiram 5. Na yi shiru na karɓa. Da na tambaye shi barbarin fa, ya ce yanzu da amlodifin ya shigo sai a ƙara taka-tsantsan, don hanya ɗaya suke bi a hanta, mu bar maganar sai zuwa na gaba.

Kwalabe ukun na mayar wa ƙanin matata. Ya ɗan ji haushi, ya ce likitoci ba sa son a warke. Na ce masa shi ma ya je a zagaya masa tef ɗin, don tumbinsa ya fi nawa. Har yau bai je ba.

Ƙwayar farko na haɗiye ta yau da safe. Sadiya ce ta miƙo min ruwan, tana tambaya ko in sayo irin robar Kaka mai gida bakwai. Na ce mata ƙwaya ɗaya ba ta buƙatar gida.

Wata tambaya kuma, ga masu tafiyar safe. Diddigena na dama yana min zafi sosai in na sauko daga gado, sai na ɗan taka yake saki. Takalmi ne ko kuwa? Baba Dattijo, kai wane iri kake sawa?